Ƙullun da Malam Ya Ɓoye

Har yau ban san abin da Malam ya faɗa wa mutanen nan bakwai a tasha ba. Su ba sa jin Hausa, shi ba ya jin yarensu, amma suka kinkimo kayansu da injinsu na yankan tayil suka biyo shi a ƙasa, tun daga bayan gari har lungunmu na Unguwar Rogo, da rana tsaka, a watan da ko ƙadangare ke neman inuwa. Me ya ce musu? Na tambaye shi ya fi a ƙirga, sai ya yi dariya ya ce sirrin 'yan kamasho ne. Na tambayi babbansu, Kwami, bayan bakinsa ya kama Hausa, ya ce shi bai ji ko kalma ɗaya ba, ya dai ga dattijo ya sungumi jakarsa ya yi gaba, shi kuwa ba zai bar jakarsa ba. To na yarda. Sauran shidan fa, da jakunkunansu ke hannunsu? Wanda ya sani ɗin yana ƙarƙashin ƙasa tun daminar bara. Allah ya jiƙansa. In kun ji muryata ta karye ku yi haƙuri, ba na ɓoye kukana, na tsufa da wannan.

Ni ce Kulu mai tuwo. Ban yi karatu ba, bakina ke faɗa hannun wani ke rubutawa. Ina faɗa ne saboda ku 'yan matan yanzu da ke tsayawa bakin rumfata kuna cewa ai sana'ar tuwo ruwa ne da gari, ko wa ya samu tukunya ya iya. To ku zauna.

Ranar da aka kai ni wurin Gwaggo Ige, ƙanwar mahaifina, ina ganin da isata za a miƙa mini muciya. Aka miƙa mini toka da soso. Shekara guda ina kankare gindin tukunya, ina tankaɗe, ina hura wuta. Gwaggo tana da rumfa a bakin ƙaramar tashar da ke ƙofar lungunmu, inda motocin Gwadabawa da Illela ke lodi. Tukunyarta sai maza biyu ke sauke ta. Muciyarta ta kai ni tsawo a lokacin. Da ta yarda na fara tuƙi, sai ta tsaya bayana tana sauraren tukunyar, ba ta ko leƙawa. Talge yana da kukan da yake yi in ya nuna, in kika zuba gari kafin wannan kukan, tuwo zai yi ɗanye har ki mutu kina tuƙawa. Ki tuƙa daga gindi, ki jawo zuwa jikin tukunya, ki danne. Ki rufe ya turara. Ki sake tuƙawa. Ki jiƙa mara ki kwashe da zafinsa, hannu na ƙuna fuska na murmushi, don direba na kallonki. Ku duba damtsena na dama ku duba na hagu, kamar ba na mutum ɗaya ba.

Gwaggo takan ce abin kunya uku ne a sana'ar nan. Gudaji lalaci ne. Ƙauri surutu ne, kin bar wuta kin tafi gulma. Amma tsami, shi ne rashin tsoron Allah, don ma'anarsa kin sayar wa Musulmi na jiya da sunan na yau. Gudaji da ƙauri ranƙwashi ne. Tsami kuwa, ta ce ranar da ta ji shi a tuwona in ɗaure kayana in koma ƙauye. Na riƙe wannan kamar yadda na riƙe Fatiha.

A tashar nan Malam ya gan ni, ya aure ni. Ba zan faɗi sunansa ba, ban taɓa faɗa ba yana raye, ba zan fara yanzu ba. Ɗan kamasho ne, mai murya kamar an buga ganga. Mota fayau ba kowa ciki, sai ka ji shi yana “Illela! Saura mutum guda!” Kuma mutane su yi ta gudu suna shiga. Gidan gadonsu na bayan rumfar, shi da ƙanensa Ummaru suka gada, da ɗakuna uku a waje inda direbobi ke miƙe baya. Da Gwaggo ta gaji ta koma ƙauye, ta bar mini rumfa da tukunya da muciya. Shekaru masu yawa muka yi a haka, shi yana cika mota ni ina cika ciki.

Sai shekarar da aka ɗauke tashar aka mayar da ita bayan gari. Ku da ba ku ga lungu ya mutu ba, ba kamar mutum yake mutuwa ba, gaɓa gaɓa yake tafiya. Mai faci ya bi motoci. Mai shayi ya bi mai faci. Mai injin niƙa ya rufe injinsa da buhu sai wanda ya ƙwanƙwasa masa. Mai itace ya daina shigowa da jakinsa. Filin tasha ya zama wurin kiwon tumaki. Ni kuwa girman kai bai bar ni na sauya tukunya ba. Kullum sai na ɗora babbar nan, don kada maƙwabta su ce Kulu ta koma ƙaramar tukunya. Mu ci tuwo da rana, mu ci ɗumame da safe, mu ci ɗumamen ɗumame. Awakina suka yi ƙiba har ana tambaya ko na sayarwa ne. A duk lungun su kaɗai ne shekarar ta karɓa.

A nan Ummaru ya zo. Shi ma'aikacin ofis ne, yana zaune Arkilla, mai hular da ba ta taɓa ganin hayaƙi ba. Ƙanen miji abokin wasa ne, amma ranar ban yi wasa da shi ba. Ya zauna a zaure ya ce, “Yaya, lungun ga ya mutu. A saida gidan ga tun yana da sauran daraja, ku koma ƙauye, gona tana nan.”

Malam ya ce, “Ni da gona? Ni ko gero sai cikin hura nika gane shi.”

“To mi za ku ci?”

“Abin da awaki sunka rage. Ba ni lokaci zuwa kaka, Ummaru. In kaka ta yi lungun ga bai motsa ba, kawo mai saye da kanka.”

Ina bayan ƙyaure ina ji. Rabin gidan na Ummaru ne, ba zalunci ya zo yi ba. Amma ni a lungun nan na koyi sana'a, a nan na haihu, a nan na binne biyu. A ƙauye wa zai sayi tuwo, kowa da matarsa?

Malam bai daina zuwa tasha ba ko da ba shi da aiki a sabuwar. Kullum da safe zai sa rigarsa ya taka, wai yana zuwa gaisawa. Rannan ina kwasar tuwon da na san awaki za su ci, sai ga shi da ƙarti bakwai a bayansa, baƙaƙe wuluk, gumi na zuba, ɗaya ya ɗauko inji a ka.

“Kulu, ga baƙi.”

“Baƙin wa?”

“Baƙin Allah.”

“Daga ina?”

“Daga nesa.”

“Mi sunka zo yi?”

“Ke, mutum ka tambayar baƙo kahin shi sha ruwa?”

Daga baya muka gane mutanen Togo ne, masu ɗora tayil, an kira su aikin sababbin gidajen da ake ginawa a Arkilla, wanda ya kira su kuma bai zo tarbarsu ba. Malam ya buɗe musu ɗakunan direbobi. Na ce a raina, ciki bakwai, safe da yamma, Allah ya kawo ɗauki. Na zuba musu tuwon dawa da miyar kuka, na kwarara man shanu yadda ake yi wa babban direba. Suka leƙa kwano, suka shinshina, suka dubi juna. Suka ci don kunya, kowa fuskarsa kamar ana ba shi maɗaci. Kashegari na yi na shinkafa da miyar sure. Suka yi godiya da hannu biyu, suka rage rabi. Rana ta huɗu na ga hayaƙi na tashi bayan ɗakunan. Sun jera duwatsu uku suna dafa abinsu. A gidan mai tuwo! Da mari suka yi mini da ya fi sauƙi. Na ce wa Malam ya kawo mini baƙi ko ya kawo mini masu gasa? Ya ce in yi haƙuri, harshe ma baƙo ne, sai ya kwana biyu yake sabawa.

Ana cikin haka aka aiko Gwaggo Ige ta rasu. A safiyar nan na surfa masara tiya huɗu, na wanke, tana cikin ruwa ban tsame ba. Na yafa mayafi na ce wa Malam, “In an jima ka tsame masarar ga, ka shanya bisa tabarma.” Ya ce an gama. Na tafi ƙauye na yi kwana biyar.

Abin da ya faru a bayana, sai da na yi wata ina tatsa kafin ya fito duka. Malam ya manta. Sai rana ta uku ya tuna, ya tarar ruwa na kumfa. Namiji da aikin mata, maimakon ya wanke ya shanya, sai ya ce bari ya rufe laifi da alheri, in dawo in tarar har an niƙa. Ya ɗauki jiƙaƙƙiyar masara ya kai wa mai inji. Mai inji ya ce wannan ba ta niƙuwa gari, sai dai markaɗe. Malam, da bai san bambancin ba, ya ce a yi. Aka miƙo masa ƙullu cike da baho. Ya tsaya yana kallonsa kamar an ba shi jaririn da ba nasa ba. Ya rufe da faifai, ya lulluɓe da buhu, ya tura ɗakin itace, ya jera itace a kai. A zafin Sakkwato.

Da na dawo, tun daga zaure hancina ya gaya mini. Na ce, “Mi am mutu cikin gidan ga?”

Ya ce, “Halama ɓera.”

Na bi warin har ɗakin itace. Na ɗaga faifai. Ƙullu ya kumbura ya tsattsage, tsami ya bugi fuskata har idona ya kawo ruwa. Ina dawowa daga kabarin matar da ta hana ni tsami, ga tsami tiya huɗu yana jirana a gida. Na ɗauki bahon zan kai bola, ina tafe ina faɗa wa Malam maganganun da ba zan so a rubuta ba. Sai ga Kwami ya fito daga ɗaki a guje, ba ko riga. Ya tare ni. Ya riƙe bakin bahon da hannu biyu. Hausarsa a lokacin ba ta wuce kalma goma ba, ya kashe uku a wurin: “Mama! Kar zuba!” Ya sunkuya ya shaƙi warin nan ya lumshe ido. Ƙato kamar rumbu, sai ga hawaye. Ya ƙwala kira, sauran suka fito suka kewaye bahon kamar an yi musu haihuwa.

Suka roƙi murhuna na ba su. Suka nuna muciyar Gwaggo na ce sai dai bayan raina, na ba su wata tsohuwa da nake kore kaji da ita. Suka tuƙa abinsu, suka daka ɗanyen tattasai da albasa da tumatir, suka soya kifi. Suka ci suna waƙa, ba su rage ko na awaki ba. Da gari ya waye Kwami ya sauke buhun masara a gabana, ya nuna bahon, ya toshe hanci, ya ɗaga babban yatsa. Wato a sake lalatawa.

Na je wurin Malam ina haɗiye girman kai. Na ce, “To ƙaƙa kay yi shi?”

Ya gyara zama, ya gyara hula, ya yi gyaran murya kamar mai tafsiri. Ya ce, “Da hwari, sai ki mance.”

Daga ranar har ya koma ga Allah, cewa yake shi ne ya ƙago sana'ar. Ko a gaban wa. In na ce ɓarna ka yi, ya ce duk wani ilimi daga ɓarna ya fara.

To a nan nake so ku buɗe kunne, ku masu cewa ruwa ne da gari. Lalata abu da gangan ya fi gyara shi wuya. Na farko da na yi bai yi tsami ba, suka ci shiru. Na biyu ya wuce, har Kwami ya ja baya. Sai da ya aika aka zo da matarsa Afi a tsakiyar damina. 'Yar ƙaramar mace, ba ta kai kafaɗata ba. Ta lakaci ƙulluna ta ɗanɗana, ta tofar, ta ɗaure zane, ta ture ni daga bakin murhuna. Ina da jikoki aka mayar da ni 'yar koyo. Ba ma jin juna, da bugun hannu ta koyar da ni. In na kai hannu inda bai kamata ba, ɗas. Jiƙo kwana biyu, a sauya ruwa. Markaɗe mai kauri, ba mai ruwa irin na koko ba. A danne shi a baho a rufe, a bar shi kwana biyu, in ana zafi sosai kwana ɗaya da wuni. Ba a duba shi da ido, da hanci ake dubawa, akwai gaɓar da warin ke juyawa daga na ɓarna ya koma na abinci, in kika wuce ta da rabin wuni kin yi wa awaki aiki. Sannan a raba biyu, a tuƙa rabi a wuta ya yi rabin nuna, a haɗe da ɗanyen, a cuɗa, a dunƙula, a naɗe a ɓawon masara, a jera a tukunya a dafa tun hantsi har azahar. Mutanen Gana da suka zo daga baya suka ce sunansa dokunu, sunan da ya bi shi ke nan.

A bayan gida nake yi, a ɓoye, don kada a ce Kulu ta koma sayar da ruɓaɓɓe. Amma wari ba ya jin a rufa asiri. Maƙwabta suka fara haɗa lissafinsu: ga baƙi waɗanda ba sa salla, ga hatsi ana jiƙawa kwana da kwanaki, ga tsami na tashi, ga ƙarti na ci suna waƙa. Magana ta zaga lungu cewa ana dafa burkutu a gidan Malam. A Sakkwato! Ummaru ya zo hularsa a karkace, ya ce ba sai an jira kaka ba, gara a sayar da gida da a kore mu daga cikinsa da jifa.

Ranar wata Laraba bayan azahar sai ga mai unguwa da liman, da rabin lungu a bayansu. Malam kuwa ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gida kamar ranar suna. Liman ya sa aka fito da baho, ya shinshina. Ya tambayi yadda ake yi, na faɗa tun daga jiƙo. Ya ce koko ma ai da tsaminsa, nono ma haka, ba tsami aka haramta ba, maye aka haramta. Abin da ya rage a sani shi ne ko yana bugarwa.

Malam ya ce, “Allah gafarta Malam, ai sai a gwada.”

Liman ya ce shi alƙali ne a nan, alƙali ba ya zama shaida. Kowa ya juya ya dubi mai unguwa. Bawan Allah ya yi bisimilla kamar wanda za a yi wa kaciya, ya ɓare dokunu ɗaya, ya gutsura, ya dangwali yaji, ya haɗa da kifi. Ya tauna. Ya sake gutsura. Ya cinye. Ya ce ɗaya ba ya isa a yanke hukunci. Aka ba shi na biyu.

Abin da ba wanda ya gaya musu, dokunu nauyi gare shi. Mai ɗora tayil ke cin biyu ya yi wuni yana durƙushe. Mai unguwa ya jingina da bango ana jira a ga maye. Idonsa ya fara lumshewa. Hula ta zame. Kafin ka ce me, sai minshari. Wata tsohuwa ta ce, “La ilaha illallahu, ta kada shi!” Mutane suka fara salati, Ummaru ya rufe fuska da hannun riga, ni na fara tunanin wace tukunya za ta shiga motar ƙauye. Liman bai motsa ba, yana jan carbinsa. Aka yi ta zama. Da ladan ya kira la'asar, mai unguwa ya yi firgigit, ya gyara hula, ya ce, “Ina buta?”

Liman ya miƙe ya kakkaɓe riga. Ya ce, “Mashayi ba ya tashi da neman buta. Halas ne. Sai dai kada mai jan salla ya ci kafin ya ja.” Sannan ya ce a aika masa da guda biyu gida, don ya ƙara bincike.

Wannan zaman shi ya yi mini shelar da ko Malam da muryarsa bai isa ya yi ba. Na fito da tukunyar dokunu bakin rumfa, kusa da ta tuwo, a fili. Mutanen Kwami suka gaya wa 'yan'uwansu a wuraren gini. Sai ga 'yan Kwatano masu yin silin, ga 'yan Gana masu gyaran takalmi, ga Yarbawa makanikai daga Gidan Igwai suna cika keke su zo cin rana. Wanda ya zo ci sai ya ga ɗaki a rufe ya tambaya ko ana haya. Masu cewa muna dafa burkutu su suka fara share ɗakunan zaurensu. Mai inji ya yaye buhu, har ya sayi na biyu don markaɗe kawai. Wata Bakabiya ta kafa kaskon suyar kifi a gefena, don ni hannuna ba ya isa. Zabarmawa 'yan garuwa suka mayar da lungun zangonsu, don jiƙo na cin ruwa. Mutanen ƙauye da ke zubar da ɓawon masara suka fara ɗauro shi a buhu suna kawo mini. Mai shayi ya dawo yana cewa dama shi bai tafi ba. Samarinmu da ke zaman kashe wando a filin tasha suka bi Kwami ɗaukar siminti, yau wasunsu ke karɓar aikin gida sukutum. Kuma da baƙi suka zauna, harshen nasu ya saba kamar yadda Malam ya ce, har Afi ta koma ba ta cin tuwo sai da man shanu.

Akwai wata Hajiya maƙwabciyata da ta rantse ba za ta sa ruɓaɓɓe a bakinta ba. Sai ta zo da kwano a cikin mayafi, wai wani marar lafiya ne a gidansu bakinsa ba daɗi. Marar lafiyan nan ya shekara goma sha bai warke ba, kuma yana son yaji da yawa.

Kaka ta zo ta wuce, Ummaru bai kawo mai saye ba. Ya kawo kular abinci a zuba masa.

Malam bai sake neman aiki ba. 'Yan tasha suka riƙe lambar wayarsa, duk baƙon da ya sauka yana waige waige sai a kira shi. In ɗakunanmu sun cika ya raba wa maƙwabta. Wanda ya yi ƙarfi ya kama nasa wuri, wani ya shigo. Kwami ma ya tashi ya yi gidansa, amma ɗakunan nan uku ba su taɓa wata guda a rufe ba.

Da ciwo ya kwantar da Malam bara, Ummaru ya dawo da tsohuwar magana cikin sabuwar riga. Da can a sayar don lungu ya mutu, yanzu a rushe don lungu ya rayu. Wai a ture ɗakunan baƙi da rumfata a yi shaguna masu ƙofar gilashi, ni in huta, baƙi su nemi wani wuri. Bai faɗa wa yayansa ba saboda jikinsa, ni ya faɗa wa, a hankali, da ladabi. Kuma na san in Malam ya tafi, ba ni da bakin da zan hana.

Ranar sadakar ukun Malam, maza na zaune a ƙofar gida, Ummaru a tsakiya yana karɓar gaisuwa, sai ga keke ya tsaya. Mutum uku suka sauko da ƙullin kaya da manyan guduma na itace. Mutanen Mali ne masu bugun shadda. Suka ga tabarmi da taro, suka yi zaton tarbarsu ake yi, suka bi layi suna gaisawa suna washe baki. Babbansu ya miƙa wa Ummaru waya yana nuna lambar Malam, yana cewa, “Baba, Baba.” Aka rasa mai yi musu bayani. Kwami ne ya ja su gefe ya gaya musu da Faransanci. Sai suka zube a wurin suka ɗaga hannu suna addu'a, ga kayansu a gefe, ba su san inda za su dosa ba. Duk lungu na kallon Ummaru. Sannan ya aiko a gaya mini in ba da makullin ɗakin tsakiya. Ban ce ya fasa shagunansa ba, ban shiga zuciyarsa ba. Amma shekara ta zagayo bai sake ɗaga maganar ba, kuma in kun saurara yanzu, wannan tim tim ɗin da kuke ji, su ne.

Ni ban yi mamakin zuwansu ba, makullin ma yana ƙulle a bakin zanena tun kafin su iso. Ranar da Malam zai rasu, da hantsi, ina ba shi kunu yana kawar da kai, na kasa daurewa na gaya masa abin da Ummaru ke shiryawa. Na ce in ka tafi me zan ce masa? Me zan yi da gidan nan? Kalmar shahada ya yi ta daga baya, liman ya ji da kunnensa, amma wannan tsakaninsa da Ubangijinsa ne. Nawa rabon shi ne wannan. Ya lalubo wayarsa a ƙarƙashin matashi ya tura mini, muryar nan da ke cika mota ta koma kamar ta sauro, ya ce:

“Kulu, mutum ukku na bisa hanya. Na ce musu akwai wuri. Ƙara ruwa ga miya.”